Buhu da Labarinsa: Yadda Ake Tsare Asalin Irin Shinkafa a Jihar Neja

A ɗebo shanshera tafi biyu, ɗaya daga buhun ingantaccen iri, ɗaya daga wadda ake aunarwa a Kasuwar Gwari ta Minna, a zuba su gefe da gefe a faifai. Ko tsohon manomi sai ya yi da gaske kafin ya bambance su. Launinsu ɗaya, tsawonsu kusan ɗaya. Sai an kai su fadama asiri yake tonuwa. Ta farko za ta tsiro tare, ta ɗauki ciki tare, ta nuna cikin mako guda. Ta biyu kuwa wata doguwa wata gajera, wata ta bushe har tana zuba alhali ta kusa da ita ba ta gama cika ba. Ƙwayar shinkafa ba ta faɗin sunanta. Abin da ya mai da tafin farko iri shi ne labarin da ya biyo shi bai yanke ba: daga wane buhu uwarsa ta fito, a gonar wa aka dasa ta, wace rana, wa ya duba ta, me ya gani.

Riƙe wannan labari sana'a ce mai zaman kanta, kuma tana cikin sana'o'in da suka fi burge ni a harkar noman jiharmu. Mai yin ta manoma suna ce masa malamin gona, ko da kamfanin iri ne ya ɗauke shi, ko ƙungiyar manoma, ko hukumar bunƙasa noma ta jiha wadda ofishinta yake Minna.

Salsalar tana farawa ne a Badeggi, gaba da Bida kaɗan, inda aka kafa tashar binciken shinkafa a 1953, wadda yau ita ce hedikwatar Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa, NCRI. A can ake riƙe da abin da za mu kira irin masana, wato tsantsar irin da ya fito daga hannun waɗanda suka samar da shi, kuma ba shi da yawa. Shi ake ninkawa a sami irin tushe. Irin tushe kuma a sake ninka shi a sami tantaccen iri, wanda manomi yake saye a shago. Wannan ninki na ƙarshe shi ne mai cin fili, kuma ba kamfanin da ya mallaki fadamar da za ta ishe shi. Don haka ake raba aikin ga ƙananan manoma, wannan mai rabin kadada, wancan mai kadada biyu, a warwatse daga Wushishi zuwa Katcha, daga Gbako zuwa Lavun. Wani Nufanci yake ji, wani Gwaranci, Hausa ce take haɗa yawancinsu. Ma'aikata ce wadda ba ta da katanga, ba ta da ƙofa, kuma abin da ake sarrafawa a cikinta mai rai ne: idan ranar furensa ta zo ba ya jiran a gyara babur.

Lissafi kaɗan zai nuna nauyin abin. A ce kadada ɗaya ta ba da tan 4 na iri, a ce kuma kowane mai saye yana bukatar kilo 40 don kadadarsa. Ke nan gona ɗaya za ta shuke gonaki 100. Duk kuskuren da ya kuɓuce a gonar farko, gidaje ɗari ne za su girbe shi baɗi.

Kayan aikin malamin ba su da ban tsoro. Littafi mai kaurin bango da ake naɗewa a leda saboda ruwa, biro, igiyar dashe mai ƙulli, tef na awo, takalmin roba, ƙaramar na'urar auna danshin hatsi, wayar salula mai nuna taswira, sai babur. Gwanintar tana cikin sanin abin da za a rubuta, da wanda za a faɗa wa, da lokacin da faɗar za ta yi amfani.

Tun ruwa bai sauka ba yake fita. Tambayarsa ta farko ga mai gona ita ce, "Baba, bara me aka shuka a nan?" Ba gaisuwa ba ce. Shinkafar da ta zube lokacin girbin bara tana nan kwance a ƙasa, da ta ji ruwa za ta fito a matsayin gyauro, ta shige cikin sabon dashe ba sallama. Idan wani iri dabam aka noma bara, ko dai a nemi wata gona, ko a bari gyauron ya tsiro a kashe shi kafin a dasa. Daga nan sai ya kunna taswirar waya ya bi iyakar gonar da ƙafa, kunya bayan kunya, har ya dawo inda ya fara, wayar ta ba shi faɗin filin. Sau da yawa abin da mai gona ya saba kira kadada ɗaya ba ya cika, ba don ƙarya ba, don haka ya gada ana faɗa. Wannan awo shi ne gindin duk lissafin da zai biyo baya: yawan iri, yawan taki, har da yawan buhunan da ya kamata a gani ranar awo. Ya kuma duba maƙwabta. Shinkafa ita take yi wa kanta barbara, furenta yana buɗewa da hantsi na ɗan lokaci, garin furen kuma ba ya wuce 'yan mintuna da rai, shi ya sa ratar mita kaɗan tsakanin gonar iri da ta maƙwabci take wadatarwa. Amma sai an auna ta, an rubuta.

Sai ya ba gonar lamba, wadda ta ƙunshi ƙauye, da manomi, da nau'in iri, da shekara. Daga ranar, lambar nan ba ta rabuwa da shinkafar: tana kan allon da aka kafa a bakin gona, tana shafin littafi, tana cikin waya, ita ce kuma za ta hau buhu.

A nan akwai wata dabara da ba kowa yake lura da ita ba. Gwani yana rage wa kansa abin da zai bibiya tun kafin a fara. Ba ya ba manomi ɗaya iri biyu a damina ɗaya. In da hali ma, fadama guda iri guda yake ba ta, domin idan kowa a wurin abu ɗaya ya dasa, to aron tamfol da aron buhu ba za su haifar da gauraya ba. Zaɓin kuma ƙasa ce take yinsa. FARO 44, wadda manoma da yawa suke kira Sipi, ta shiga hannun manoman Nijeriya tun farkon shekarun 1990, tana nuna cikin kusan wata huɗu. FARO 52, da aka fitar a 2001, ta fi ta daɗewa a gona amma tana jure ƙasar da sinadarin ƙarfe ya yi wa yawa. FARO 66 da FARO 67 kuwa, waɗanda aka fitar a 2017, an samar da su ne don wuraren da ambaliya take shafa, suna iya kwana a ƙarƙashin ruwa kusan mako biyu su farfaɗo. A jihar da take da madatsun ruwa na Kainji da Shiroro da Zungeru, ga ta Jebba a kan iyaka, inda sakin ruwan madatsa yake iya shafe fadama cikin dare, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sa'annan ya karkasa manoman rukuni-rukuni, kowane rukuni da shugabansa, mutumin da yake kwana a ƙauyen, ake jin maganarsa, kuma wayarsa ba ta zama a kashe.

Lamba mafi tsada a littafin ita ce ranar da aka zuba iri a wurin reno. Daga ita ake ƙirga komai. Bayan mako biyu zuwa uku a yi dashe, a bi igiya, ratar santimita 20 ta kowane gefe. A gonar iri tsiro ɗaya ake sa wa kowane rami, ba uku ko huɗu ba, domin in baƙuwa ta shigo ta tsaya ita kaɗai a gan ta. Daga ranar nan kuma ake sanin lokacin yuriya ta farko, sa'ad da shinkafa take 'ya'ya, da ta biyu, sa'ad da kai ya fara haɗuwa a cikin kara. Akwai manhajar waya mai suna RiceAdvice, ta cibiyar AfricaRice, da take taimakawa wajen lissafin taki, akwai kuma hasashen damina da hukumar NiMet take fitarwa farkon kowace shekara. Malamin yana ɗaukar waɗannan ya mai da su gajeren saƙon murya a WhatsApp, cikin harshen da masu gonar suke ji: ranar kaza, mudu kaza, a rage ruwa tukuna. Abu ɗaya a saƙo ɗaya. Ya san in ya haɗa umarni biyar a numfashi guda, biyu ne za su isa gona.

Saƙon da yake sauka ke nan, kuma shi ne mai sauƙi. Inda ake gane gwani shi ne saƙon da yake haurowa.

Da yamma waya ta yi ƙara, shugaban rukuni ne: "Malam, shinkafar Alhaji ta yi ja." Maganar gaskiya ce, amma ba ta isa a yi aiki da ita ba, domin abu huɗu ko biyar suna iya sa manomi ya ce haka, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Sai malamin ya fara tambaya, a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Gonar duka ce ko tsibi-tsibi? Tsohon ganye na ƙasa ne ya fara ko sabo? Ruwan da yake kwance, akwai wani maiƙo mai launin tsatsa a kansa? A ɗauko mini hoto biyu, ɗaya daga bakin gona, ɗaya na ganye guda a tafin hannu, a juya wa rana baya. Idan gonar duka ce ta koɗe kuma tsofaffin ganye ne suka fara, yunwar taki ce, ana gama maganar a waya. Idan ƙananan ɗigo ne masu ruwan ƙasa suka taso daga bakin ganye har ya koma launin tagulla, ga tsatsa a ruwa, ƙarfe ne ya yi yawa, sai a buɗe magudana a sauya ruwa. Idan tabo ne mai siffar ido, tsakiyarsa toka-toka, cutar ƙuna ce ta naman gwari. Idan ganyen ya yi rawaya dabbare-dabbare a wasu wurare kuma shukar ta tsumbure, akwai fargabar cutar bairos da ƙwari da taɓawa suke yaɗawa, wannan kam sai ya tayar da babur da asuba. Idan kuma aka ce masa tsakiyar shukar ta fito da wani farin bututu da manoma suke kwatantawa da ganyen albasa, ya san ɗan ƙudan nan ne da tsutsarsa take shiga zuciyar kara, wanda ya daɗe yana damun fadamun yankin Bida.

Bai tsaya a nan ba. Kowane rahoto yana shiga shafin gonarsa da kwanan wata, kuma da dare sai ya jera su ya duba abin da ya haɗa su. Koke ɗaya matsalar gona ɗaya ce. Koke uku daga gonakin da suke shan rafi ɗaya, a binciki ruwa. Koke uku daga ƙauyuka masu nisa da juna, amma duk daga rukunin irin tushe guda aka ba su, to laifin ba na manoma ba ne, yana cikin buhun da aka raba, kuma dole labari ya koma sama, ga kamfani, ga wanda ya ninka irin tushen, in ta kama har Badeggi. Ba wani manomi ɗaya da zai iya ganin wannan daga gonarsa, komai ƙwarewarsa. Sai wanda duk zaren yake hannunsa. A ganina nan ne zuciyar sana'ar: ya san abin da zai kashe a waya, da abin da sai ya je da ƙafarsa, da abin da ya fi ƙarfinsa sai ya tura wa masana, ko na Badeggi ko na sashen noma na Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Gidan Kwano a hanyar Bida. Wanda yake tura komai sama yana toshe hanya. Wanda ba ya tura komai yana ɓoye wuta a cikin ƙaiƙayi.

Akwai kuma abin da ba ya shiga littafi amma littafin ya dogara da shi. Manomi ba ya kai mummunan labari ga wanda zai ci masa mutunci. Idan ambaliya ta cinye masa gefen reno ya cike gurbin da tsiron maƙwabci, zai faɗa ne kawai in ya tabbata za a ce masa, "Ba komai, Baba, mu kewaye wannan gefen mu sayar da shi na ci," ba a soke masa gonar duka a gaban jama'a ba. Malamin da ya iya zama da mutane yana jin gaskiya tun tana da magani.

Aikin da ya fi kyan gani shi ne tsince baƙi, wato cire duk shukar da ba ta cikin irin da aka dasa. Ana yin sa fiye da sau ɗaya, amma mafi muhimmanci shi ne lokacin da kai yake fitowa. Da sassafe ake shiga, rana tana bayan mutum don kada ta kashe masa ido. Malamin ya fara tsayawa a kan kunya ya ranƙwafa har idonsa ya yi daidai da saman ganye. Gonar kirki a shafe take, duk wadda ta ɗara sauran tsawo za ta nuna kanta. Sai su jeru shi da masu gona, kowa ya ɗauki layi kaɗan, suna tafiya a hankali cikin laka. Wannan ta riga sauran fitar da kai da kwanaki, a cire. Wannan gindin karanta ja ne alhali na sauran kore, a cire. Wannan ƙwayarta tana da dogon gashi a baki, alamar shinkafar daji ko jar shinkafa, a cire kafin ta zubar da 'ya'ya. Ba yanka ake yi ba, tumɓukewa ake yi da saiwa, a fitar da ita bayan gona, domin wadda aka yanka tana sake tofowa. A ratar da aka ambata, kadada ɗaya tana ɗaukar ramuka 250,000. In baƙuwa ɗaya ce tak a cikin dubu, shuka 250 ke nan ake nema, ɗaya bayan ɗaya, da ido da hannu. Ya rubuta nawa aka cire da irin kamanninsu, domin yawansu da kamanninsu suna faɗa masa ko gyauro ne ko daga buhu suka zo.

A wannan tsakanin ne jami'an Hukumar Kula da Irin Shuka ta Ƙasa, NASC, wadda dokar 2019 ta ƙarfafa ikonta, suke zuwa duba gonaki. Su ma sai an ba su labari a kan kari. Gonaki da yawa ne, jami'ai kaɗan, kwanakin fure kuma ƙidayayyu. Malamin da ya riƙe ranar reno daidai yana iya faɗa musu tun da sauran makonni cewa gonakin ƙauye kaza za su yi fure a mako kaza, su tsara tafiyarsu.

Akwai mai riƙe da irin wannan muƙami da ba ya taka laka. Yana zaune a inuwar tasha, ya kira shugaban rukuni ya ce, "Lafiya dai ko?" a ce masa lafiya lau, ya cike takarda. Takardarsa ta fi ta kowa tsabta. Gonakinsa ne dai suke fitowa hawa uku.

Girbi shi ne lokacin da aikin wata huɗu yake iya lalacewa a yini ɗaya. Idan kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari na ƙwayoyin kai suka koma launin kara, kusan wata ɗaya bayan fure, lokaci ya yi. Kafin lauje ya shiga, malamin ya auna ƙananan wurare a sassa dabam-dabam na gonar, ya yanke, ya cashe, ya auna nauyi, ya ninka da faɗin da ya samu tun farkon damina. Yanzu ya san kimanin buhunan da gonar za ta bayar. In an kawo ƙasa da haka sosai, wasu sun bi hanyar kasuwa. In an kawo fiye da haka sosai, wasu sun shigo daga wata gona, kuma wannan ya fi muni. Layukan gefe ana yanke su dabam a bar su na ci. Tamfol a kakkaɓe shi, a duba naɗin bakinsa. Injin casa a buɗe shi a share, a kunna shi ba komai a ciki, buhun farko da ya fito kuma a ware shi, don ragowar gonar jiya tana maƙale a lungunansa. Buhu sabo ake amfani da shi, a rubuta lamba a bayansa, a kuma jefa wata takardar mai lamba a ciki kafin a ɗinke, saboda rubutun waje yana gogewa a bayan mota.

Shanya ma da ƙa'idarta. Shinkafa tana barin gona da danshin da ya haura kashi 20, ana so a sauko da shi zuwa 12 ko 13. A baza ta ba kauri, a riƙa juyawa, kada zafin tsakar rana ya dafa ɗan tsiron da yake kwance a ciki. Tsofaffi suna gwadawa da haƙori, su ji ko ta ce ƙas, kuma kunnensu ba ya cika kuskure. Malamin yana girmama wannan, sa'annan ya zuba 'yan ƙwayoyi a na'ura ya rubuta abin da ta nuna, domin ƙarar haƙori ba ta shiga takarda ta yi tafiya zuwa Abuja.

Saura gwajin tsiro. A soki buhuna da yawa, sama da tsakiya da ƙasa, a haɗa samfur. Wani kaso ya tafi ɗakin gwajin hukuma, inda ƙa'ida ita ce a ƙirga ƙwaya 400, a raba su ɗari-ɗari a kan jiƙaƙƙiyar takarda, a fara ƙirgen waɗanda suka tsiro a rana ta 5, a rufe a rana ta 14. Ana neman aƙalla 80 cikin kowane ɗari. Gwani ba ya jira a ba shi labari: yana yin nasa a gida da jiƙaƙƙen tsumma, ya kuma san cewa sabuwar shinkafa tana yin barcin 'yan makonni bayan girbi, don haka ba ya yanke mata hukunci da wuri. Wani kason samfurin kuma ya adana shi da lambarsa, in gardama ta taso baɗi a sami abin komawa. A nan ne kuma yake matsa wa kamfani ya biya manoma da wuri, don mai jiran kuɗi ga kuɗin makaranta a gabansa ba zai daɗe yana kallon buhu ba.

Idan komai ya cika, sai a ɗinka wa buhu shuɗiyar takardar shaida ta tantaccen iri. A 'yan shekarun nan hukumar ta ƙara da tsarin SeedCodex: wani ɗan wuri a jikin takardar da ake kankarewa kamar katin waya, a tura lambar da ta bayyana ta saƙon tes, amsa ta dawo ko irin na gaske ne. Fasaha ce mai amfani, ta kuma tsananta wa masu sayen shinkafar ci su ɗura a buhun iri. Amma lambar tana shaida ne kawai ga abin da aka rubuta tun daga ranar da wani ya bi iyakar gona da ƙafa.

Don haka, manomi ɗan'uwa, in za ka sayi iri bana, a Minna ne ko Bida ko Kontagora, nemi takardar shaida a bakin buhu, ka duba sunan irin da ranar gwaji, ka kankare ka tura lambar tun kana gaban mai shago. Kada ka yar da takardar bayan ka farke buhu, ajiye ta har ka girbe. In shukar ta fito hawa-hawa ko ta ƙi tsirowa, ɗauki takardar ka kai wa malamin gonar yankinku, da lambar da take jiki zai iya bin sawun buhun har gonar da ya fito.